Wane sinadari ya dace da goge injin fotokwafi da firinta?

Da zarar hunturu ya kankama, masu shagunan fotokwafi da buga takardu a biranen arewacin Najeriya da kudancin Nijar sukan shiga fama da matsaloli iri ɗaya: takarda ta fito da baƙin layi daga sama har ƙasa, ko rubutu ya dusashe, ko kuma injin ya riƙa jan takarda yana maƙalewa a hanya.

Ƙurar da ke haddasa hakan dai mafi yawanta tana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar Chadi, wanda masana ke ɗauka a matsayin wurin da ya fi ko'ina fitar da ƙura a duniya, iska kuma ta ɗebo ta zuwa yammacin Afirka tsakanin watan Nuwamba da na Maris.

Abin da kan biyo baya shi ne a kira mai gyara ya kwance injin ya goge. To sai dai ruwan da zai zuba a ƙyallen da zai yi gugar, shi ke raba tsakanin injin da zai ƙara shekaru yana aiki, da wanda zai buƙaci sabbin kaya cikin 'yan makonni. Batun kuma ya shafi lafiyar shi kansa mai gyaran, da yaron da ke koyon aiki a hannunsa, da duk wanda ke wuni a cikin ɗakin.

Abin da ke cikin injin

A ranar 22 ga watan Oktoban 1938 ne wani Ba'amurke mai suna Chester Carlson ya yi nasarar fitar da kwafi na farko ta hanyar amfani da haske da cajin lantarki, a unguwar Astoria da ke birnin New York. A 1959 kamfanin da daga baya ya koma Xerox ya fito da injinsa samfurin 914, wanda ya kai wannan fasaha cikin ofisoshi. Injin yana ɗaukar zafi ƙwarai, ta yadda akan haɗa wa mai saye da ɗan ƙaramin abin kashe gobara.

Har yau a kan wannan tsari injinan fotokwafi da firintocin leza ke tafiya. Akwai wani bututu da ake kira duram, wanda ake ɗora wa cajin lantarki. Haske ya sauka a kansa ya zana hoton shafin, garin tawada da aka fi sani da tona ya manne a inda aka zana, daga nan ya koma kan takarda. A ƙarshe takardar ta ratsa ta wani sashe mai zafi da masu gyara ke kira fiyuza, inda zafin kan kusanci digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, garin ya narke ya kama takarda.

Abin lura a nan shi ne tona ba tawada ce irin ta alƙalami ba. Garin filastik ne da aka gauraya da baƙin launi da ɗan kakin da ke hana shi mannewa, girman ƙwayarsa guda bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin dubu na milimita ba. Duk sinadarin da ke da ƙarfin narkar da tona nan take, to akwai yiwuwar yana da ƙarfin narkar da wasu sassan injin, domin su ma da danginsa aka yi su.

Akwai kuma wani ruɗani da harshe kansa ke jawowa. Bahaushe kan kira murfin injin roba, ya kira rolar da ke jan takarda roba, ya kira rezar da ke kankare duram roba. Alhali kuwa abubuwa ne daban-daban, kowanne da sinadarin da yake jurewa da wanda ke kashe shi. Wanda bai yi wa murfi komai ba yana iya kumbura rola, wanda rola ta jure kuma yana iya tsattsaga murfi.

Ruwa tukuna

Duk wanda ya duba littattafan da kamfanoni irin su HP da Canon ke haɗowa da injinansu zai tarar cewa abin da suka fi ambata shi ne busasshen ƙyalle wanda ba ya zubar da zare, sai kuma ƙyallen da aka ɗan jiƙa da ruwa aka matse. Dalili kuwa shi ne yawancin dattin da ke cikin injin ƙura ce da garin takarda, kuma waɗannan ba sa buƙatar a narkar da su, ɗauke su kawai ake yi.

Tun kafin a kai ga ruwan ma, wajibi ne a fara kawar da ƙurar a bushe. Ƙurar hunturu tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin yashi, saboda haka idan aka ɗora ƙyalle a kanta aka murza, tamkar an sa sanfefa ne a kan gilashi ko duram. Akan yi amfani da buroshi mai laushi, ko ɗan famfon busa iska na hannu, ko injin zuƙo ƙura da aka ƙera musamman domin tona. Injin zuƙo ƙura na gida bai dace ba, domin matacinsa ba ya tare gari mai laushi haka, sai ya zuƙa ta gaba ya feso ta baya, kuma garin da ya bazu a iska yana iya kamawa da wuta idan ya haɗu da tartsatsi.

Ruwan da ya fi dacewa shi ne tataccen ruwa, watau wanda aka dafa aka tara tururinsa. Ruwan rijiya da na burtsatse, har ma da na leda, suna ɗauke da gishiri-gishirin ƙasa da kan bar farin tabo bayan sun bushe. A nan akwai buƙatar taka-tsantsan wajen saye: tataccen ruwan da ake ƙara wa batirin mota shi ake nufi, amma da yake sunan ruwan batir ya haɗa har da asid, sai mai saye ya tabbatar da abin da aka ba shi kafin ya kai shi kusa da inji ko fatar hannunsa.

Haka kuma idan tona ta zube a tufafi ko a hannu, da ruwan sanyi ake wankewa. Ruwan zafi narkar da ita yake yi ta kama zare.

Sinadarin da masu gyara suka fi dogaro da shi

Inda ruwa ya gaza, kamar maiƙon yatsa ko tabon da ya kama ƙarfe, abin da ƙwararru a ko'ina suka fi komawa gare shi shi ne aisofurofil, wani nau'in alkohol da aka fara sarrafawa domin kasuwa daga man fetur a jihar New Jersey ta Amurka a 1920. Ba irin barasar da ake sha ba ne, guba ne ga wanda ya sha.

Abin da ya sa ya samu karɓuwa shi ne yana narkar da maiƙo, yana bushewa da wuri ba tare da ya bar komai a baya ba, kuma yawancin filastik da ake ƙera injinan da shi suna jure masa idan gogewa ce ta ɗan lokaci.

To amma ba kowace kwalba ce ɗaya ba. Wanda ake sayarwa domin kashe ƙwayoyin cuta yawanci kashi 70 cikin 100 ne, ragowar kashi 30 ɗin ruwa ne. Wannan ruwa yana da amfani a asibiti, domin shi ke taimaka wa sinadarin ratsa jikin ƙwayar cuta, amma a cikin inji jinkirta bushewa yake yi, ya maƙale a ƙarƙashin ƙananan kayan lantarki ya jawo tsatsa. Domin allon lantarki da mahaɗar wayoyi da siririyar wayar da ke cajin duram a tsofaffin injina, mai kashi 99 cikin 100 ake nema. Shi kuma yana zuƙar raɓa daga iska, don haka kwalbar da aka bari a buɗe, musamman da damina, sannu a hankali ƙarfinta raguwa yake yi.

Shi ne kuma ake goge kan ƙananan firintocin rasit da shi, irin na injin POS, waɗanda ba sa amfani da tawada sai zafi.

Tun daga 2020, lokacin annobar korona, man tsaftace hannu ya yawaita a ofisoshi, wasu kuma suka riƙa kai hannu gare shi ganin an rubuta alkohol a jikinsa. Amma ko tsarin haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar ya ƙunshi gilisarin domin kada fata ta bushe, kuma gilisarin ba ya tashi ya bi iska. Yakan zauna a kan gilashi ko rola ya zama danƙon da ke tara ƙura.

Sifirit na kemis shi ma yana da nasa aibin. Sau da yawa alkohol ne da aka gauraya da mitanol da wani launi domin a hana mutane sha. Launin kan bar tabo, shi kuwa mitanol batunsa na tafe a gaba.

Fetur, kananzir da tina

Kusan babu shagon fotokwafi a Kano ko Zariya ko Sakkwato da za a shiga a rasa janareto a bakin ƙofa, da galan ɗin fetur a gefe. Da yake yana kusa, kuma yana cire maiƙo da danƙo cikin ƙiftawar ido, ba abin mamaki ba ne mai gyara ya tsoma ƙyalle a ciki.

Rolar da ke jan takarda ita ce ta fi shan wahalar wannan ɗabi'a. Yawancinta da wata roba ake yi wadda ke jure zafi da iska amma ba ta jure mai. Idan fetur ko kananzir ya taɓa ta sai ta tsotse shi ta kumbura ta yi laushi, ta koma kama takarda kamar sabuwa. Mai shago ya ga aiki ya yi kyau, ya biya. Bayan 'yan kwanaki man ya fice, ya tafi da sinadaran da ke riƙe taushin robar, sai ta ƙanƙance ta yi santsi ko ta tsattsage, matsalar ta dawo fiye da da. Da yake lalacewar ba ta bayyana a ranar, ba kasafai ake danganta ta da gugar ba. Laifin yakan faɗa kan takarda, ko kan tsufan injin.

Abin da kamfanoni ke cewa game da wannan rola mai sauƙi ne: ƙyalle da ruwa. Wasu littattafan sun yarda da aisofurofil jefi-jefi, ko da yake yawan amfani da shi kan busar da robar. Rolar da zanen jikinta ya riga ya cinye kuwa babu sinadarin da zai maido da ita, sai sabuwa.

Kananzir yana da ƙarin illa, domin ba ya bushewa da sauri, yana barin maiƙo. Haka ma man feshi irin su WD-40, wanda aka yi domin kwance ƙarfen da ya yi tsatsa da korar danshi. Idan ya fantsama a kan hanyar takarda sai ya bi ta har kan duram.

Tina ta masu fenti da asiton, wanda shi ne ke cikin yawancin ruwan cire jan farce, sun fi waɗannan ƙarfi. Asiton yana narkar da filastik ɗin da ake yin murfin injin da shi, har yatsa kan bar shaida a jikinsa. A wasu nau'o'in filastik ɗin kuma ba a ganin komai nan take, sai bayan kwanaki tsaga ta fito a gindin kusa ko a wurin da ake ɗaure noti, inda dama filastik ɗin yake a takure.

Akwai hanyar sanin irin filastik ɗin da ake hulɗa da shi. Idan aka juya cikin murfi ko wani babban sashe, akan ga wasu haruffa a tsakanin alamu biyu masu kama da bakin kibiya, kamar ABS ko PS-HI ko PC+ABS. Waɗannan duka ba sa jure asiton da tina. Giyoyin da ke juya injin kuwa galibi POM ne, wanda ke da juriya sosai, shi ya sa mai gyara kan wanke giya da sinadari mai ƙarfi ya ga ba abin da ya faru, ya ɗauka sauran sassan ma haka suke.

Duram

A nan ne aka fi yin asara mai tsada. Tsofaffin injina suna da duram mai rufin seleniyom, mai ƙyalli kamar madubi. Na yanzu kuwa yawanci bututun alminiyom ne da aka shafa wa wani siririn rufi mai launin kore ko shuɗi, wanda kaurinsa bai kai na gashin kai ba. A cikin wannan rufi aikin gaba ɗaya yake, kuma abin da ke riƙe da shi filastik ne daga dangin da asiton ke narkarwa. Ɗigo ɗaya na tina ya isa ya bar tabon da zai riƙa fitowa a kowane shafi, a tazara ɗaya, har ranar da aka sauya duram ɗin. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Kamfanoni da yawa ba su yarda a taɓa duram da komai ba sai busasshen ƙyalle mai laushi ko auduga. Masu sana'ar sake cika katirij a ƙasashe da dama kuwa sukan yi amfani da aisofurofil mai kashi 99 idan wani abu ya manne, kamar danƙon sitika, su goge wurin kaɗai su bari ya bushe sarai. Bayan haka sukan barbaɗa wani gari na musamman a kan duram ɗin da rezar da ke kankare shi, domin duram ɗin da aka goge tas yakan yi kaushi ga rezar, ta naɗe ta lanƙwashe a juyin farko.

Haske ma abokin gabar duram ne. Littattafan kamfanoni na gargaɗin kada a bar shi a fili fiye da 'yan mintoci. Ɗabi'ar fito da shi bakin shago domin a gani da kyau a hasken rana tana iya rage masa ƙarfi ko da ba a zuba masa komai ba.

Maƙwabtan duram ɗin ma kowanne da halinsa. Rolar da ke ba shi caji da wadda ke kawo masa tona suna da nasu siririn rufi da alkohol kan iya cinyewa, don haka busasshen ƙyalle ko ɗan danshin ruwa ya wadatar. Rolar soso da ke ƙarƙashinsa, mai mayar da tona kan takarda, ba a jiƙa ta da komai, ba a kuma kama ta da yatsa, domin soso ne, duk abin da ya sha ba ya fitarwa.

Ita kuwa fiyuza, rufinta na Teflon ne, irin na kaskon da abinci ba ya kamawa. Sinadarai ba su cika yi masa illa ba, abin da ke kashe shi shi ne kankara da reza ko sukundireba. Sai dai rolar da ke matse takarda a ƙarƙashinta robar silikon ce, ita ma tana kumbura da fetur.

Gilashi da madubai

Baƙin layin da ke fitowa a kowane kwafi idan an sa takarda ta sama, amma ba ya fitowa idan an ɗora ta a kan babban gilashi, kusan ko da yaushe ɗan tabo ne a kan siririn gilashin da ke gefe, sau da yawa na farin ruwan gyaran rubutu da bai bushe ba aka zura takardar. Ruwan goge gilashi ko aisofurofil na cire shi. Ƙa'idar ita ce a zuba a ƙyalle, kada a fesa a kan gilashin, domin ruwan kan gangara ta gefe ya shiga ciki.

Littattafan HP da dama sun hana amfani da ruwan goge gilashi mai ɗauke da amoniya a jikin firintar leza ko kusa da ita.

Madubai na cikin injin sun bambanta da madubin ɗaki. Na ɗaki rufinsa a bayan gilashi yake, na injin kuwa a fuska yake, don haka duk gugar da aka yi a kan rufin kansa ake yi. Wasu daga cikin tabarau masu tattara hasken leza kuma ba gilashi ba ne, filastik ne garai-garai, wanda alkohol kan iya sa masa ƙananan tsaga. Iska da busasshiyar auduga su ne matakin farko a nan, galibi kuma su ne na ƙarshe.

Firintar tawadar ruwa

Firintoci masu fesa tawadar ruwa, irin na Epson da Canon da ake buga hotunan fasfo da katin gayyata da su, nasu lamarin daban ne. Tawadarsu mafi yawanta ruwa ce, tana fita ta ƙofofi da suka fi gashi siranta. Idan ta bushe ta toshe, abin da ke narkar da ita shi ne tataccen ruwa ko ruwan wanke kai da aka haɗa domin wannan aiki. Alkohol mai ƙarfi yana iya sa wasu nau'o'in tawadar su guntse, toshewar ta ƙaru.

Manyan injinan buga bana da allunan talla kuwa tawadarsu ta sinadari ce, kuma suna da nasu ruwan wankin. Idan aka ɗebo shi aka zuba a ƙaramar firinta, yana iya narkar da bututun tawada da gam ɗin da ke riƙe kan.

A bayan kan da ke kai da komowa akwai wani siririn zirin leda garai-garai mai ɗauke da ƙananan layuka, wanda da shi firintar ke sanin inda kan yake. Sinadari mai ƙarfi kan share layukan, firintar ta ruɗe ta riƙa buga kai a bango. Ɗan danshin ruwa kawai yake buƙata.

Gobara da lafiya

Kowane sinadari mai kamawa da wuta yana da zafin da idan ya kai, tiririn da yake fitarwa ya isa ya kama da tartsatsi guda. Na aisofurofil kusan digiri 12 ne, na asiton kusan 20 ƙasa da sifili, na fetur kuwa kusan 40 ƙasa da sifili. A garin da zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ma'anar hakan ita ce dukkansu a shirye suke ko da yaushe. Tiririn nasu ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa da cikin lungunan injin, injin kuma yana da fiyuza mai zafi da lantarki mai ƙarfin dubban bolt. Saboda haka ake cire filogi, a jira fiyuza ta huce, a kuma bari komai ya bushe kafin a kunna. Gwangwanin feshin iska da ake sayarwa domin busa ƙura ma yawancinsu ba iska ce a ciki ba, gas ne mai kamawa da wuta.

Illar da ba a gani da ido ta fi wannan daɗewa. Fetur yana ɗauke da benzin, wanda cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Lyon na Faransa ta sanya cikin rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara, musamman ta jini. Yana shiga jiki ta numfashi da ta fata.

Mitanol kuwa jijiyar ido yake kai wa hari. Abin da bai wuce mililita 10 ba, idan aka sha, yana iya makantar da mutum, kuma shaƙar tiririnsa na tsawon lokaci a rufaffen wuri ma na iya yin hakan. A 2016 an samu labarin wasu matasan ma'aikata a Koriya ta Kudu da suka rasa ganinsu a ƙananan masana'antun da ke ƙera sassan wayar salula, inda ake amfani da mitanol saboda ya fi araha.

Wani misalin da ya fi kusa da batun goge-goge ya faru ne a birnin Suzhou na ƙasar Sin. Kamfanin Wintek, wanda a lokacin yake yi wa Apple gilashin waya, ya maye gurbin alkohol da wani sinadari mai suna heksen domin ya fi saurin bushewa, aiki ya fi sauri. A rahotonsa na 2011, Apple ya amince cewa ma'aikata 137 sun samu matsalar lafiya sakamakon hakan. Heksen jijiyoyin hannu da ƙafa yake lalatawa, abin ya fara da jin dindiris ya kai ga kasa tafiya. A 2014 Apple ya hana amfani da heksen da benzin a matakin ƙarshe na harhaɗa kayansa. Har yanzu ana samun heksen a wasu gwangwanayen feshin goge kayan lantarki.

Akwai kuma tsofaffin sinadarai masu ɗauke da kulorin, waɗanda a da masu gyaran injinan ofis ke ji da su domin ba sa kamawa da wuta cikin sauƙi. Yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda aka ƙulla domin kare shimfiɗar ozon da ke sararin samaniya, ta kawar da wasunsu, inda aka ba ƙasashe masu tasowa wa'adin 2010 ga wasu, 2015 ga wani. Ɗan uwansu tirikuloro'etilin, wanda yarjejeniyar ba ta shafa ba, cibiyar ta Lyon ta ayyana shi a 2012 a matsayin mai haddasa sankarar ƙoda, kuma a watan Disamban 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da ƙa'idar haramta shi. Irin waɗannan sinadarai idan suka taɓa ƙarfe mai zafi sukan rikiɗe su fitar da gas mai guba.

Gauraye-gauraye ma haɗari ne. Bilic da amoniya, ko bilic da alkohol, suna haifar da tiriri mai cutar da huhu.

Abin da ke rubuce a jikin kwalba

A 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta wallafa wani tsarin bai-ɗaya na sanya alamun haɗari a jikin sinadarai. Alamun suna cikin murabba'i mai jan gefe da ke tsaye a kan kusurwa: harshen wuta na nufin yana kamawa, ƙoƙon kai da ƙasusuwa na nufin guba mai saurin kisa, hoton mutum da tauraro a ƙirjinsa kuma na nufin illa mai daɗewa kamar sankara ko lalacewar wata gaɓa. Ko wanda bai iya karanta Turanci ko Faransanci ba yana iya gane su.

Tsarin ya kuma tanadi takardar bayanin haɗari mai sassa 16 ga kowane sinadari, wadda kamfanoni na ƙwarai ke sanyawa a intanet kyauta. Sashe na 3 shi ke faɗin abin da ke cikin kwalbar, na 8 kuma irin kariyar da ake buƙata. Daga nan ne mutum zai san, alal misali, cewa safar hannu ta naitiril da ake gani a asibiti tana tare aisofurofil na ɗan lokaci, amma asiton yana ratsa ta.

Matsalar da ake fuskanta a kasuwanni da dama ita ce sinadarin da aka ɗura daga babban duro zuwa tsohuwar gorar ruwa, ba suna ba alama, sai abin da mai sayarwa ya faɗa da baki. Masu gyara sukan yi gwaji biyu masu sauƙi. Su ɗiga kaɗan a kan tsaftataccen gilashi: aisofurofil mai kyau yakan bushe cikin ƙasa da minti guda ba tare da ya bar zobe ko maiƙo ba. Su kuma ɗiga a cikin wani tsohon murfin da aka yar: idan wurin ya yi danƙo ko ya dusashe, to akwai asiton ko tina a ciki. Sai dai waɗannan gwaje-gwaje ba sa tona asirin mitanol, domin shi ma fari ne tas kuma yana bushewa ba tabo.

A Najeriya hukumar NAFDAC ce ke da alhakin sa ido kan shigowa da sayar da sinadarai. Shagunan da ke sayar wa asibitoci da makarantu kayan ɗakin gwaje-gwaje su ne wuraren da aka fi samun aisofurofil a rufaffiyar kwalba mai ɗauke da suna da adadin ƙarfinsa.